Matar da Ke Goge Kwamfutarta Kowace Litinin

Fraser Dunleavy ya ga gargaɗi da idonsa, da jan rubutu a fuskar kwamfutarsa, ya kashe shi, bai faɗa wa kowa ba. Kada wani ya kira wannan kuskure. Kuskure shi ne abin da ya kuɓuce wa mutum bai sani ba. Shi ya sani, ya danne, don kada a ce aikin da ya yi taƙama da shi a gaban jama'a yana da ɓaraka. Shirun nan nasa ya kusa sa ruwa ya tafi da shanun madara ɗari da arba'in na Merv Bortolin a watan Fabrairun da ya wuce. Na kama sunansa ne domin shi da kansa ya tashi a zauren gari ya amsa, kuma domin ba na son rubutun da ke cewa "wani mutum" alhali kowa ya san mutumin.

Amma ba don shi na zauna rubutu ba. Don matar da ya goge wa aiki ne, Glenys Tranter, wadda za ta ajiye hidimar ƙungiyarmu ta masu gadin kogi a ƙarshen watan nan, bayan shekara goma sha tara.

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidanta a Kerrivale ranar Litinin da hantsi ya san abin da zai gani. Ta riga ta watsa wa kaji hatsi, ta dafa shayi, ta zauna a teburin baranda da wata tsohuwar kwamfutar cinya wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Baƙo take kiranta. Abu na farko da take yi shi ne ta goge duk abin da ke cikinta, ƙaf, ta mayar da ita kamar yau aka fito da ita daga kwali. Sannan ta ɗauko takardar da ita kanta ta rubuta, ta ɗora rula a ƙarƙashin layin farko, ta buga abin da ke rubuce, harafi bayan harafi. Ba ta bugawa da ka, ko da yake ta haddace. Idan ta kama yatsunta suna yin wani abu da babu shi a takardar, sai ta tsaya cak, ta ɗauki fensir ta ƙara shi.

Na taɓa tambayarta dalilin wannan wahala. Ta ce, "Baz, wanda ya iya ba ya ganin inda ake tuntuɓe. Shi ya sa nake mayar da kaina jahila sau ɗaya a mako."

Ga abin da takardar take yi wa mutane. Ƙungiyarmu tana da ɗakunan awo goma sha huɗu a bakin kogi, daga kan duwatsu har zuwa fadama. Kowanne ɗan ɗakin kwano ne, da ma'auni a cikin ruwa da ƙaramar kwamfuta a bango, tana aiko da tsayin ruwa zuwa wayoyinmu. Wanda manoman fadama suka fi sa wa ido shi ne na mashigin Carrick, domin ruwan da ya wuce can yakan iso gonakinsu cikin kamar awa bakwai. Idan Carrick ya nuna mita biyar, a kwashe dabbobi a hau tudu. Kowane yaro a fadama ya san wannan.

To, manhajar da ke magana da ma'aunin an rubuta ta da wani harshen kwamfuta da ake kira C, kuma wasu mutane ne a nesa suka rubuta ta. Tamu ta ƙungiya, mai aika lamba zuwa waya, da wani harshen aka rubuta ta, Python. Dole a gina gada tsakaninsu a kan kowace kwamfuta. Mai gina gadar wani injin haɗa manhaja ne, kompaila, kuma ba ya iya komai sai an nuna masa wani fayil da masu sana'ar ke kira heda. Ma'auni ba lamba ɗaya yake aikowa ba, jerin lambobi ne, kuma heda ce ke faɗin wacce ce ta farko, wacce ce ta biyu, wacce ce tsayin ruwa. Kowace kwamfuta tana da tata hedar, wadda ta zo tare da manhajar da ke kanta. Shi kuwa kompaila ma'aikaci ne mai ƙwazo marar wayo. Ka ba shi hedar wata kwamfutar, zai gina maka gada tsaf, ba zai ce uffan ba.

Saboda haka sai an gaya masa inda hedar wannan kwamfutar take, da abin da za a fara sakawa kafin ya gan ta, da yadda za a tabbatar ita ya ɗauka. Wannan ne aikin da babu mai son rubutawa. Waɗanda suka iya sun yi shi sau ɗaya shekaru biyar da suka wuce a kan kwamfutarsu, sun manta sun yi, idan ka ce musu ka maƙale sai su ɗaga kafaɗa su ce, "Ni a wurina yana aiki." Na sha jin maganar nan daga bakin masu digiri, kuma ban san wata magana ta rashin kunya da ta kai ta ba a sana'ar. Ai ba a wurinka kogin yake ba.

Glenys ba ta da digiri. Ta yi shekara ashirin tana haɗa wayoyi a ofishin tarho, aka rufe ofishin, ta koma kula da kwamfutar kamfanin madara har ta yi ritaya. Lokacin da aka kafa ƙungiyar, masu ilimi suka rarraba ayyukan da ake yabo, aka bar rubuta bayani a ƙasa kamar tsumma. Ta sunkuya ta ɗauka. Abin da ya fito shafi ɗaya ne mai matakai goma sha ɗaya. Mataki na tara wani ɗan gwaji ne da ta yi ta naci sai da aka saka: yana kwatanta heda da manhajar da ke kan kwamfutar, idan ba 'yan gida ɗaya ba ne ya yi jan rubutu ya ƙi ci gaba. Mataki na goma sha ɗaya kuwa ba ya da alaƙa da kwamfuta ko kaɗan. Cewa ya yi: fita waje, ka dubi sandar awo mai fenti da ke tsaye a cikin ruwa, ka kwatanta da lambar da ke kan allo.

Noelene Achterberg, shugabar ƙungiya, ta taɓa karanta mana wani saƙo a taro. Wani mutum ne daga Tonga, mai kula da ma'aunan ruwan sama a tsibirinsu, ya ce ya yi mako uku yana fama, sai ya ci karo da shafinmu a intanet, ya gama kafin abincin rana. Bai san sunan wadda ta rubuta ba, domin babu suna a shafin. Muka tafa. Glenys ba ta ko yi murmushi ba.

"Noelene, tambaye shi a ina ya maƙale," ta ce.

"Ya ce bai maƙale ba, Glen. Godiya yake yi."

"Ƙarya yake don kara. Kowa yana maƙalewa. Tambaye shi."

Aka tambaya. Ashe a mataki na shida, wurin da hedar take a irin kwamfutarsa yana da wani suna dabam, ya ɗan yi lalube kafin ya gano. Litinin ta gaba akwai ƙarin layi a ƙarƙashin mataki na shida.

Ke ce gishirin miyar, Glenys. Babu mai cewa ga ki nan sai ranar da babu ke.

Ranar ta zo ta hannun Fraser. Injiniyan manhaja ne daga Brisbane, ya sayi gona a gefen gari shekara biyu da suka wuce, yana yi wa kamfaninsa aiki daga gida. Ba zan rage masa komai ba: ya iya aiki, kuma ya ba ƙungiya lokacinsa kyauta. A taron watan Janairu ya tashi da shafin Glenys a hannu yana kaɗa shi.

"Matakai goma sha ɗaya!" ya ce. "Glenys, kafa manhaja ake yi ko girkin kek ɗin Kirsimeti?"

"Kek ɗina matakai tara ne," ta ce. "Ka ci yanka uku, ban ji ka yi ƙorafi ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Sannan ya nuna mana abin da ya haɗa. Umarni ɗaya tak, ka buga shi, komai ya ginu. Dabarar ita ce ya kwafi hedar da ke kan kwamfutarsa ya cusa ta cikin manhajarmu, don kada kowa ya sake wahalar neman ta kowace kwamfuta. Ya ce shafin ya zama tarkace, a cire shi.

"Ni dai ku ba ni lamba a wayata," in ji Merv daga baya, bakinsa cike da biskit. "Ko aljani ne zai kawo ta, ina ruwana."

"Ka ji manomi," in ji Fraser. "Shi ya sa nake son ka, Merv."

"Kada ka so ni, ɗan birni. Gyara shingenka, tumakinka sun ishe ni."

Aka ɗaga hannu. Tara suka goyi bayan Fraser, kuma hannuna yana cikin taran. Na faɗa ne don kada a ɗauka ina wanke kaina. Sauƙi ya ruɗe mu, kamar yadda yake ruɗin kowa.

Abin da Glenys ta yi a Litinin ta gaba shi ne abin da ya fi tsaya min a rai a duk labarin. Ba ta yi fushi ta naɗe hannu ba. Ta goge Baƙo, ta buga umarnin Fraser, ya yi aiki. Ta aiko wa kowa saƙo ta ce ya yi aiki, ba ta ɓoye ba, ba ta rage ba. Sai ta ƙara da cewa Baƙo sabo ne kowane mako, ita kuwa kwamfutar Carrick tun shekarar babbar gobarar daji ba a taɓa ta ba, manhajar da ke kanta tsohuwa ce, ya kamata wani ya je ya duba. Fraser ya amsa cikin minti biyar: ya riga ya tura umarnin zuwa duka ɗakunan awo goma sha huɗun daga kan kujerarsa, duka sun amsa lafiya lau, kada ta damu, ta je ta yi aikin idonta.

Lallai an sa mata ranar cire yanar ido a makon. Ta tafi asibiti a birni, ta zauna wurin 'yarta kwana goma sha biyu, likita ya hana ta kallon allo.

Abin da Fraser bai faɗa ba shi ne goma sha uku ne suka amsa lafiya. Carrick ya yi jan rubutu. Gwajin Glenys ya kama cewa hedarsa da tsohuwar manhajar ba su dace ba. Sai ya kashe gwajin, ya sake turawa, gada ta ginu, lamba ta fito: mita uku da ɗigo uku. Tsayin ruwan Carrick a irin lokacin bai cika wuce uku da 'yan kai ba. Ya duba, ya ga ta yi kama da gaskiya, ya rufe kwamfutarsa.

Ruwan sama ya sauko a kan duwatsu ranar Talata, ya wuni ya kwana, ya sake wuni. Ranar Alhamis da safe, bayan tatsa, Merv ya dubi wayarsa, ya ga uku da ɗigo uku, ya kora shanunsa suka haye kwalbati zuwa makiyayar da ke tsakanin rassan kogi biyu, inda ciyawa ta fi kyau. Hanyar fita ɗaya ce daga wurin, kwalbatin nan.

Wajen ƙarfe tara wayata ta yi ƙara. Glenys ce, kwananta biyu da dawowa.

"Baz, a-kori-kurarka tana da mai?"

"Tana da. Ke da aka ce kada ki kalli allo?"

"Ido ɗaya aka hana, ɗayan nawa ne. Duba Carrick."

"Uku da ɗigo uku. Lafiya lau."

"Jiya fa?"

Na duba. Uku da ɗigo uku. Shekaranjiya haka. Makon jiya haka.

"Ma'aunin da ke sama da shi ya hau mita biyu, na ƙasa da shi yana hawa, shi kaɗai ya tsaya kamar soja," ta ce. "Ka taɓa ganin kogi ya tsaya? Kai da ka yi shekaru kana gyaran famfo, me ke zama uku da ɗigo uku dare da rana?"

Sai da ta faɗa na gane. Ƙarfin wutar da ɗan allon lantarkin da ke cikin ma'aunin ke aiki da shi ke nan. Duk wanda ya taɓa sa na'urar awon wuta a kan irin allon ya san lambar. Gadar Fraser tana ɗaukar lambar da ke kusa da ta ruwa a cikin jerin. Mako uku fadama kaf tana kallon ƙarfin wuta tana kiran shi kogi.

Kafin in iso gidanta ta riga ta kira Merv. Na tarar da ita a ƙofa da baƙin tabarau, da takardarta a cikin leda, tana magana da shi, ta sa wayar a bayyane yadda nake jin muryarsa.

"Glen, wayar ta ce uku da ɗigo uku."

"Wayar ba ta san abin da take cewa ba. Fito da su."

"Yanzu na kai su! Tudu babu ko tsinken ciyawa, in na tsare su can madarar gobe ta tafi. A kan zato zan kwashe shanu ɗari da arba'in?"

"A kan maganata, tsohon banza."

"Tsohuwa mai ido ɗaya ce za ta gaya min tsayin kogin da ke nisan kilomita arba'in? Kawo min lamba, Glen. Lamba ta gaskiya. In kin kawo, wallahi ko a kaina zan ɗauko su."

Ban ga laifin Merv ba. Mu muka yi shekaru muna koya masa ya yarda da lambar.

Tafiyar da kan ɗauki minti arba'in ta ci mana awa ɗaya da kwata, domin sau biyu muna sauka muna janye rassan da suka faɗo kan hanya. Da muka iso Carrick ba mu ko shiga ɗakin ba. Ruwan ya zama jar ƙasa, yana tafe da kututture, ƙararsa ba ta barin a ji magana. Glenys ta kama hannuna ta ja ni bakin gaɓa.

"Karanta min sandar. Ba na ganin fentin."

"Biyar da ɗigo takwas."

"Sake dubawa."

"Biyar da ɗigo takwas, Glenys, yana lasar tara."

Waya ba ta kamawa a kwarin, sai na hau tudun da ke bayan ɗakin a guje na kira Merv. Ban gama faɗin lambar ba na ji yana ƙwala wa karnukansa kira.

Na sauko ina cewa mu juya mu je mu taya shi. Ta ce a'a. Ta ce Merv ɗaya ne, gonaki goma sha bakwai ne a fadama, kuma duk wayoyinsu har yanzu suna cewa lafiya. Muka shiga ɗakin awo, ruwa na dukan kwano, ta zauna a kan bokitin da aka kife, ta miƙo min ledar.

"Karanta min daga na ɗaya. Yadda yake a rubuce. Kada ka tsallake don kana ganin ka sani."

Ina karantawa tana bugawa. Ban taɓa sanin amfanin rubutu mai tsabta ba sai ranar. Babu kalmar da na tsaya tambayar ma'anarta, babu inda aka ce "sai ka yi abin da ya dace." Kowane layi ya faɗi abin da za a buga da abin da za a gani idan an yi daidai. A mataki na shida ta nuna wa kompaila hedar kwamfutar Carrick ta asali, tana nan inda take tun fil azal. A mataki na tara gwajin ya ƙi tashi. Ta matso da fuskarta dab da allo, ta buɗe fayil ɗin, ta ga an kashe shi, ga suna ga kwanan wata. Ni ma na gani. Na buɗe baki zan yi ashar.

"Ba yanzu ba," ta ce. Ta kunna shi, ya wuce lafiya. "Karanta min na goma."

Minti ashirin da biyar muka yi. Lamba ta fito, shida da ɗigo ɗaya. Ta tura ni waje cikin ruwan saman in sake duban sandar, ko da yake mun duba ɗazu, domin haka takardar ta ce. Shida da ɗigo ɗaya. A minti na gaba wayoyin fadama kaf suka ɗauki kuka.

Maƙwabta huɗu suka je wa Merv da babura da dawaki biyu. Lokacin da shanun ƙarshe ke haye kwalbatin ruwa ya kai musu ciki. Karsana uku suka firgita suka kauce, ruwa ya ɗauke su a gaban idonsa. Sauran ɗari da talatin da bakwai suka hau tudu. Da azahar ta gota makiyayar ta zama tafki, sai kawunan turakun shinge ake hange. Sauran gonakin ba su yi asarar ko akuya ba.

A taron da ya biyo baya zauren ya cika har ƙofa. Fraser ya fara da cewa ma'aunin Carrick tsoho ne, irin waɗannan sukan rikice. Na dubi Glenys. Tana zaune tana juya cokali a kofin shayi. Noelene ce ta ce a haska tarihin canje-canjen manhajar a bango, domin kowane canji yana ɗauke da sunan mai shi. Aka haska. Ga sunan Fraser nan a gaban canjin da ya kashe gwajin.

Merv ya tashi. Bai ɗaga murya ba.

"Dolly, Biscuit, da 'yar Maureen," ya ce. "Sunayen shanun nan uku ke nan. Ni na karɓi haihuwarsu. Ba na jin haushin ka yi kuskure, yaro, ni ma na taɓa sa wa tarakta fetur a maimakon gas. Amma ka ga jan rubutun?"

Fraser ya dubi Merv. Sannan ya tashi ya ce, "Na gani. Na kashe shi. Na ce zan koma in duba, ban koma ba."

Wasu suka fara cewa a kore shi, a goge duk abin da ya taɓa yi. Nan ne Glenys ta ajiye cokalinta.

"Ku daina hauka," ta ce. "Umarninsa ya fi matakaina huɗu na farko kyau, na gwada. Ku bar shi. A cire hedar da ya cusa, a sa ya nemo ta kwamfutar da yake kai, a mayar da gwajin yadda ba mai iya kashe shi shi kaɗai. Ni idona ya kusa ƙarewa. Wa kuke so ya riƙe muku wannan abin? Merv ne?"

"Allah ya kiyaye," in ji Merv, aka yi dariyar farko a taron.

Haka aka yi. Shafin ya koma wurinsa, yanzu matakansa takwas, kuma Noelene ta sa an rubuta sunan Glenys a ƙasansa duk da ta ce ba ta so.

Glenys, ke ce kika ga wanda ya wulaƙanta aikinki ya faɗi, kika tsaya kika tsince abin kirkin da ke cikin nasa. Ke ce kika faɗi gaskiya ranar da gaskiyar ta goyi bayan abokin hamayyarki, shi ya sa da kika ce akwai matsala maganarki ta yi nauyi. Shekara goma sha tara kina rubutu don mutumin da ba ki taɓa gani ba, wanda zai zauna shi kaɗai a gaban kwamfuta babu mai tambaya. Ranar da mutumin nan ya bayyana, ashe ke ce da kanki, da ido ɗaya, a kan bokiti. Mun gode. Manoman fadama sun gode, ko waɗanda bakinsu ya yi nauyin faɗa.

Ku kuma masu ilimin abin, matasa da manya, ga maganata a fili. Wanda ya iya abu bai rubuta yadda ake yi ba, bai gama aikin ba, ɓoye shi ya yi. Idan ka rubuta, ka goge abin da ka sani ka bi rubutunka kamar baƙo. Idan na'ura ta yi maka gargaɗi, ba ta zage ka ba ne, kada ka toshe mata baki. Kuma komai kyan lambar da ke kan allo, akwai ranar da sai ka fita ka jiƙe. Mutum uku sun riga sun karɓi Litinin bi da bi, sun je baranda sun ga yadda ake riƙe rula. Ana neman na huɗu. Ba a tambayar takardar makaranta, haƙuri kawai ake tambaya.

Shi kuwa Fraser Dunleavy, ƙungiya ta karɓe mabuɗinsa na canza manhaja har shekara guda. An yanke masa ya je ɗakunan awo goma sha huɗun da ƙafarsa, ya gina gadar kowanne da takarda a hannu, ya fita ya karanta sandar, ya rubuta lambar a littafin ɗakin ya sa hannu. Ya gama tara. Saura biyar.